Murya ta Huɗu

A Unguwar Jatau, can bayan Sumaila,
inda hanya ke ƙarewa a gindin ɗorawa,
akwai majami'a mai tsohon kwano da bencin ƙasa.
Nan Irmiya Nomau ya shekara talatin yana raba mu huɗu.

Mata a gaba, murya ta ɗaya da ta biyu,
samari ta uku, masu wuya kamar zalɓe,
ni kuwa da Barau mai gyaran keke
aka ajiye mu can baya, murya ta huɗu.

Ba shi da molo, balle fiyano irin ta birni.
Alli gare shi, da allon da aka shafa wa baƙin batir,
da littafin lissafin taki da ƙungiya ta yar,
ya juya bayan takardun yana zuba do, re, mi,
kamar kaza ta taka toka ta wuce.

A gona waƙa ke kama shi.
Na sha ganin ya jingine fartanya tsakiyar kunya,
leɓe na motsi, yatsa na sassaƙar iska.
Saraya matarsa ta ce, "Ga shi nan, ciwon ya tashi,
bana ma gero zai yi wa kansa noma."

Wata rana na kai masa ƙara.
Na ce, "Malam, mata na hawa suna sauka kamar tsattsewa,
ni ka ba ni gurnani biyu tun daga farko har Amin."
Ya ce, "Mantau, ka taɓa jin an yabi murhu?
Zare dutse ɗaya ka ga inda tuwo zai kwana."

Shekarar da ruwa ya ɗauke tsakiyar damina
ya kawo sabuwa, kan tufafin da za a sa a sama.
"Fari, fari," muka rera, murya na gangarowa a ƙarshe.
Tsohuwa Tabawa ta buga sanda a ƙasa:
"Yaro, farin zane kake nufi,
ko farin da ke cin dawarmu?
Ka saukar da kalmar, ta koma yunwa.
Ba a kiran abin da ke tsaye bakin ƙofa."
Ya yi tsit. Ya goge allon da hannun riga.
Kwana tara yana neman yadda kalmar za ta tsaya sama
ba tare da maƙogwaron samari ya tsage ba.
Ran na goma ya samu.
Ruwa bai zo ba sai bayan mako,
bai kuwa taɓa cewa waƙarsa ce ta kira shi ba.

Da kunne ya fara yi masa rowa
sai ya riƙa zagayawa yana ɗora tafi a bayanmu,
yana saurare da hannu,
kamar mai taya sa a kasuwar Wudil.
In ka kauce, ya ɗan matse maka kafaɗa.
A kaina ya fi daɗewa.
Ya ce tawa ce kaɗai ke isa ƙashinsa.

Bara da kaka muka kai shi gabas da ɗorawa.
Littafin na akwatin Saraya. Da muka buɗe,
gara ta riga mu karatu.
A waƙar ƙarshe, wadda bai kai ga koya mana ba,
ta bar ta ɗaya, ta bar ta biyu, ta gutsuri ta uku,
layin ƙasa kuwa ta cinye kaf.

Yanzu Damaris 'yarsa ke riƙe da alli.
Ta ce, "Baba Mantau, ai ka san abin da ya rubuta."
Ban sani ba.
Ni dai ran Lahadi, in sun tashi sama,
nakan rufe ido in laluba wurin da babu kowa,
in zauna ciki da gurnanina biyu,
ina jira a matse mini kafaɗa.